Tafintan Birnin Talmas

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya raba wa 'yan Adam harsuna kamar yadda ya raba musu fuskoki. Ku gyara zama, ku ba ni aron kunne. Ni ne Mantau ɗan Nomau, tafinta, wanda ƙafarsa ta taka ƙasashen da bakinsa ba ya iya lissafawa. Abin da zan faɗa muku ya faru ne a bayan Baƙin Kogi, a shekarar da nake ganin duk duniya babu mai kaifin kaina.

Tun tasowata zama ba ya karɓa ta. In aka ɗora tukunya, kafin ta tafasa na gaji da jira na fice. Harsuna shida na iya, amma duk rabi da rabi, daidai abin da zai ishe ni ciniki da roƙon ruwa da zagi. Ana nan sai na ji labarin Talmas, birnin da ke zaune a kan wani dutse mai tsayin giginya arba'in, ba shi da ƙofa ba shi da matakala, ba a hawansa sai a cikin kwando da igiya. Aka ce mutanensa na saƙa wani yadi mai sanyi kamar ruwan randa, kuma duk ƙasarmu babu wanda ya iya harshensu. Tun daga ranar ƙafata ta fara ƙaiƙayi.

A mashigar Baƙin Kogi na sami wani tsoho mai tufkar igiya, sunansa Yarim, Batalmashe ne da ya sauko tun yana saurayi bai koma ba. Wata uku na yi a gindinsa ina riƙe masa rama yana koya mini Talmasanci. Ran nan ya ce, “Ɗana, yanzu ka san kawunan magana. Saura wutsiyoyi. Ka yi damina ɗaya a nan.”

Na ce, “Baba, ai kai shi ne mutum. In na ce dur, kowa ya san igiya nake nufi a bar ta ta tafi.”

Ya ce, “Ta tafi ina? A naku harshen, saki da sako duk ɗaya ne?”

Na ce, “Kusan ɗaya ne.”

Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da tufkarsa. Ya ce, “Kunama ma kanta ake gani, amma da wutsiya take aiki. Durna ɗaya, durka ɗaya. Zauna in rarrabe maka.”

Ban zauna ba. Kashegari ayarin madugu Ciwake zai tashi zuwa Talmas, yana neman tafinta, na ce masa ni na sha harshen nan kamar nonon uwa.

Kwana goma sha tara muka yi a hanya. A rana ta tara muka shiga Kurmin Amsa, inda wasu jajayen birai ke zaune, masu kwaikwayon muryar mutum. In madugu ya yi kira daga gaba, sai ka ji muryarsa ta fito daga dama, ta fito daga hagu, ta fito daga baya. Kafin azahar jakuna huɗu da mutum biyu sun bi muryar ƙarya sun shige cikin sarƙaƙiya. Ayari ya rikice, kowa na gudu yana bin abin da ya ji. Na tsaya na kasa kunne, sai na lura biran ba sa ƙarasa kalma. Madugu ya ce “Ku taho,” su sai su ce “Ku tah, ku tah.” Na ce wa Ciwake ya riƙa jan ƙarshen maganarsa da ƙarfi, kowa kuma kada ya bi kira sai ya ji ƙarshensa. Haka muka tattaro mutanenmu, muka fita da la'asar ba mu rasa ko akuya ba. Ciwake ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce ya yi dacen tafinta. Kaina ya ƙara girma. Ban ga kaina a cikin biran nan ba ko kaɗan.

Talmas kuwa, duk abin da aka faɗa a kanta an rage. Dutse ne baƙi sumul kamar an goge shi, daga samansa wani marmaro na zubowa ya zama kogin da ke shayar da ƙasar Bargaje da ke ƙasa. Zango uku ake yi kafin a kai sama. A kowane zango akwai gungumen da igiya ke naɗewa a kai, da mutum takwas masu riƙo, da mai kira guda ɗaya wanda yake tsaye inda yake ganin kwando, yana faɗa wa masu riƙo abin da za su yi. A jikin dutsen kuma gaggafai ne ke da sheƙa, kowace ta kai girman maraƙi. Wani lokaci sukan cafki kwando su fizga, in ba a saki igiya ba sai su jawo gungumen da mutanensa su faɗo gaba ɗaya. Saboda haka dokar garin ita ce, in mai kira ya ce a saki, ba a leƙawa, ba a tambaya, kowa ya buɗe hannu.

Mun yi cinikinmu lafiya cikin kwana shida. Ran saukowa ni na riga kowa isa ƙasa, don na ƙosa mu kama hanya. Kwandon ƙarshe shi ne na Ciwake. Ya zo tsakiyar zangon ƙarshe sai ya tsaya yana lilo, domin mai kira ya matsa gefe shan ruwa, masu riƙo kuwa ba sa motsi sai da umarni. Na jira kamar numfashi goma. Rana na dukan ƙeyata, an gama ɗaure wa jakuna kaya. Na ce a raina, wannan ɗan abin har sai an jira wani? Na haɗa tafukana a baki, ina so in ce su sako shi. Dur ya fito, wutsiyar ta tsaya mini a wuya, guda biyu suka zo mini tare, na zaɓi wadda ta fi daɗin faɗa.

“Durka!”

Mutum bakwai suka buɗe hannu. Na ji ƙarar igiya tana gudu kamar kukan dabba, na ga kwandon ya taho. Ta takwas ɗinsu ita ce shugabar masu riƙo, wata mace mai suna Zuwwal. Ita kaɗai ta ji cewa muryar ba ta mai kiransu ba ce. Ta naɗa igiyar a hannunta na dama, ta rungumi turken dutse. Igiyar ta ci hannun har wuyansa, amma ta rage gudu. Kwandon ya bugi ƙasa a gabana, ƙafar Ciwake ta karye gida biyu, ya rayu.

Aka mai da ni sama a ɗaure. Dattawan gari suka zauna, hukuncinsu bai ɗauki lokaci ba: wanda ya cinye hannun wani da bakinsa, shi zai zama hannun, har ran da mai hannun ya ce ya isa. Da aka ɗora Ciwake a kan jaki, ya aiko mini da saƙo ta bakin mai kira: “A gaya wa Mantau na yafe masa ƙafata. Amma ko hanya ce ta haɗa mu, kada ya gaishe ni.”

Haka na zama hannun Zuwwal. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke daka, ni ke ɗaure mata igiyar takalmi. Wata biyu ba ta ce mini uffan ba sai nuni da haɓa. Ni kuwa birnin nan ya zame mini keji. Taku dubu biyu ne daga wannan baki zuwa wancan, na auna shi ya fi sau ɗari. Kullum da hantsi nakan tsaya a bakin dutse ina kallon ayari na wucewa can ƙasa kamar jerin tururuwa.

A wata na uku, ranar kasuwa, na shige ƙarƙashin tarin fatu a cikin wani kwando mai sauka. Na ji an ɗaga, na ji mun fara tafiya. Ba mu yi nisa ba kwandon ya tsaya, sannan ya fara komawa sama. Da aka yaye fatun, Zuwwal ce tsaye a kaina, ta jingina dungun hannunta a kan igiya.

Ta ce, “Baƙo, fatu ba sa numfashi. Igiya ta gaya mini.” Maganarta ta farko ke nan gare ni. Ta dubi masu riƙo ta ce musu baƙon ya faɗa ciki ne bisa kuskure, babu wanda ya musa mata. Da muka kaɗaita ta ce, “Da dattawa sun ji, da ba kwando za su saukar da kai. In kana son tafiya, fara koyon yadda ake cewa a saukar da kai.”

Daga ranar ta fara koya mini. Ba ta da haƙurin tsoho Yarim. Tana da wata 'yar sanda, duk sanda na haɗiye ƙarshen kalma sai ta sauke mini ita a ƙwauri. Durna, a bar igiya ta taho wajen mai magana. Durka, a rabu da ita har abada. Durshi, kaɗan-kaɗan, kamar mai ba jariri ruwa. Haka kowane aiki yake da wutsiyoyinsa, har goma sha ɗaya. Wata rana na yi ƙorafi na ce harshensu ya cika wahala, namu ba haka yake ba. Ta ce in faɗa mata yadda muke cewa mutum ya bar ɗaki. Na ce ya fita. In kuma ina waje ina jiransa? Na ce ya fito. In ya kori wani daga ciki? Na ce ya fitar da shi. In ya sayi abu can ya kawo nan? Ya sayo. In ya rabu da shi ga wani? Ya sayar. In bai bar ko ɗaya a kasuwa ba? Ya saye.

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, “Ashe kuna da su! To kai da wane kunne kake jin harshen uwarka?”

Shekara talatin da ɗaya ina faɗin kalmomin nan, sai a kan dutsen wasu na fara jin su.

A shekara ta biyu fitina ta tashi. Sarkin Bargaje ya kama Talmasawa goma sha ɗaya da suka sauka sayen hatsi, cikinsu har da Immar, ƙanen Zuwwal, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Dattawa suka rama, suka toshe marmaron da duwatsu, kogin Bargaje ya ƙafe. Bayan kwana arba'in sarki ya aiko jakada. Mutanen Bargaje jikokin fatake ne, harshenmu suke yi. Talmas tana da nata tafinta, wani dattijo da ya koyi harshenmu a bakin 'yan kasuwa, ni kuwa ina tsaye ne kawai bayan Zuwwal ina riƙe mata buta.

Jakada ya dafa ƙirji ya ce, “Allah ya ja zamanin dattawa. Sarki ya rantse da kabarin mahaifinsa: ku sako mana ruwa yau, mu saki mutanenku gobe da hantsi.”

Tafintan gari ya juya maganar, ya ba su durna a wuri biyun. Jama'a suka fara guɗa. Ni kuwa sai na ajiye buta na fito tsakiya.

Na ce da jakada cikin harshenmu, “Ranka ya daɗe, ruwa ka ce a sako. Mutane fa?”

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, “Na ce za a sake su.”

“A ina?”

“Sarki ya yi rantsuwa. Kai wane ne?”

Na ce, “Ɗan harshenku ne. Ka ce za ku sako su, harafi ɗaya ne, ba zai ƙone maka baki ba.”

Ya ce shi ba a aiko shi ya ƙara ko ya rage ba. Na juya ga dattawa na faɗa musu cikin Talmasanci cewa durna ya ce a kan ruwa, amma durka ya ce a kan mutane. Sai babban dattijo ya nuna dungun hannun Zuwwal ya ce, “Wannan ne zai koya mana durna da durka?” Aka fashe da dariya, aka ture ni gefe. Kafin la'asar an kwashe duwatsun, ruwa ya zuba.

Zuwwal ba ta yi dariya ba. A hanyar gida ta ce, “Ka tabbata?”

Na ce, “Uwar ɗakina, na taɓa zaɓen wutsiya da ka. Wannan da kunne na ji ta.”

Ta juya ta nufi rumbun igiyoyi. Har rana ta faɗi muna ƙulla igiya da igiya, ita da haƙori da hannu ɗaya, ni da biyu.

Da hantsi duk gari ya taru a bakin kudu, inda hanyar Bargaje take, ana jiran 'yan'uwa. Mu biyu muka tsaya a bakin arewa. Can sai muka hango ƙurar mahaya ta nufi Fakon Gishiri, wani farin fili a arewacin dutsen da ba ya da inuwa ko ta kara, wanda haskensa ke makanta mutum a yini ɗaya. Mahayan suka kai tsakiya, suka tsaya kaɗan, suka juya. Suka bar ɗigo goma sha ɗaya a kan farin. Sarki ya cika rantsuwarsa, ya sake su.

In aka sauka ta kudu, kwana uku ake yi kafin a zagayo dutsen. Ta arewa kuwa babu wanda ya taɓa sauka, domin babu zango sai wani ɗan tudu a tsakiya mai faɗin tabarma, kuma nan ne gidan gaggafai. Jama'a suka rugo bakin arewa, aka kafa gungume. Zuwwal ta ce ita za ta shiga kwando da salkunan ruwa. Aka nemi mai kiran da zai tsaya a ɗan tudun, masu kira shida duk suka sunkuyar da kai. Sai ta ce, “Baƙo zai tsaya. Duk garin nan an san muryarsa tana kaiwa.”

Babban dattijo ya ce, “Zuwwal, hannu ɗaya ya rage miki.”

Ta ce, “Na sani, Baba. Ni ce mai shi.”

Ta miƙo mini dungun, ta ce in ɗaure mata wuƙa a kai. Na ɗaure. Aka fara zura ni zuwa tudun da siririyar igiya, na manna bayana da dutse, iska na neman ɗauke ni. Sannan kwandonta ya taho. “Durshi,” na riƙa kira, ina jan ƙarshen har maƙogwarona ya yi zafi. “Durshi. Durshi.” Ta wuce ni, ba ta ko dube ni ba, idonta na kan farin fili.

Ta gangara ƙasa da inda nake kamar tsayin giginya uku sai inuwa ta rufe ni. Gaggafa ta faɗo kamar an jefo dutse, ta kafa farata a jikin kwandon ta fizga. Igiya ta miƙe ta fara kuka. Daga sama na ji ihun masu riƙo, gungume na jan su zuwa baki. Doka ta ce in faɗi kalma ɗaya, mutum takwas su tsira, mace ɗaya ta tafi. Kalmar ta zo bakina da kanta, ta saba hanya. Na cije ta, na leƙa. Sai na ga ba kwandon tsuntsuwar ta riƙe ba, babbar salka ce da ke ɗaure a gefensa.

Na yi kira sama da duk ƙarfina, “Durna! Durna!” don igiya ta yi sako-sako ta daina jan su. Na yi kira ƙasa, “Uwar ɗakina, salkar! Yanke ta!” Na ga dungun ya ɗaga, wuƙa ta yi walƙiya sau biyu. Gaggafa ta yi sama da salka, ruwa na tsiyaya kamar yayyafi. Kwandon ya bugi dutse, ya yi lilo, ya daidaita. Na ja numfashi, na ce, “Durshi.”

Kwando bakwai na saukar a ranar, da mutane da ruwa da mayafan rufe ido, sannan aka zura ni ƙasa. Mun isa wurinsu da rana ta karkata. Biyu sun riga sun cika, tsoho ɗaya da wani mai ciwon ƙirji. Tara muka samu da rai, leɓunansu sun tsage. Immar na zaune ya rufe fuska da tafuka. Da ya ji muryar yayarsa ya miƙo hannu yana lalube, ya kama dungun, ya shafa, ya ce, “Yaya, ashe da kanki.” Idonsa bai ƙara gani ba har na bar garin.

Bayan kwana bakwai babban dattijo ya zo har gida, ya zauna a ƙasa, ya ce a gafarce shi. Dattawa suka ce in zauna in zama tafintan gari, za a ba ni ɗaki da mata. Na yi godiya. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani, na ƙara wata huɗu. Amma kullum hantsi sai in tsinci kaina a bakin dutse. Ran nan Zuwwal ta same ni a can, ta tsaya gefena muna kallon wani ayari da ya nufi gabas.

Ta ce, “Ina za su?”

Na ce, “Ban sani ba.”

Ta ce, “Shi ya sa kake kallonsu.” Sannan ta ce, “Immar ya iya daka yanzu. Ya isa, Mantau. Je ka.”

Ba ta raka ni bakin kwando ba, ta ce tana da aiki. Na sauka zango uku, na taka ƙasa, na saɓa jakata. Na yi 'yan taku ke nan sai na ji kira na gangarowa daga sama, mai kira na miƙa wa mai kira, har ya iso bakin na ƙasa. Sunana ne, amma da wani abu a ƙarshensa da ban taɓa ji ba.

“Mantawel! Mantawel!”

Na koma na tambayi mai kiran ƙasa, na ce wace wutsiya ce wannan, ba ta cikin goma sha ɗayan da aka koya mini.

Ya ce, “Ba a koya wa baƙo ita. Ta suna ce. Ana liƙa wa ɗan gari wanda ya sauka bai hau ba tukuna. Zuwwal ce ta sa a kira.”

Na tsaya riƙe da jaka, ayarin gabas na ƙara nisa, kwandon da ya kawo ni na nan a buɗe. Na ɗaga kai, ban ga kowa ba sai baƙin dutse da hasken rana. Na bi ayarin.

Shekara goma sha bakwai ke nan. Na ga birane ashirin bayan Talmas, gwiwoyina sun fara ƙara in na tashi, ban san ko tana da rai ba. Wanda ya ji wannan daga bakina, ya ji daga bakin mai shi. Allah ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau.